Tuƙi a Kan Ƙanƙara Sai da Haƙuri

Ya kai mai karatu, wataƙila wata rana karatu ko aiki zai kai ka Kanada. A can, lokacin hunturu, dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyi. Ruwa kuma yakan daskare a kan kwalta, hanya ta yi santsi kamar an zuba mata miyar kuɓewa.

Shi ya sa a lardin Kwibek doka ta tilasta wa masu motoci su sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Robarsu ba ta sandarewa cikin sanyi, saboda haka suna kama hanya. A ganina dokar ta dace, amma taya ba ta maye gurbin haƙurin direba.

A kan ƙanƙara, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninkawa har sau 10. Don haka ka rage gudu, ka ba motar da ke gabanka tazara. Kada ka taka birki kwatsam. Ka yi hattara da gada, domin iska tana bi ta samanta da ƙarƙashinta, sai ta riga hanya daskarewa.

Gara ka makara da iyalinka su rasa ka. Sannu ba ta hana zuwa.