Wasan da ya kamata ya hana mu barci

Yau ina so mu yi maganar wasan kwaikwayo, amma kar wanda ya gyara zama yana jiran dariya.

Duk wanda ke kallon wasanninmu, daga na dandalin gidan matasa har zuwa ƴan guntayen bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok, ya san mutum biyu da ba a rasa su in ana son ƴan kallo su ƙyalƙyace. Ta farko juya: mai baƙin ciki, mai bin bokaye, mai zuba wa ɗan kishiya magani a fura. Na biyu ɗan daudu: ya shigo yana karairaya, ya tafa hannu, a yi shewa, ya fita. Ba a taɓa tambayar inda suke kwana, ko abin da suke tunani in dare ya raba. Ni ra'ayina, labarinsu labarin tsoro ne, kuma lokaci ya yi da za a yi shi a matsayin wasan tsoro, irin wanda mutum zai koma gida ya kasa haɗiye tuwo.

Mu fara da lissafi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jahar Maradi kuwa 8.4. To a garin da ake auna darajar mace da yawan sunan da aka yi a ɗakinta, yaya rayuwar wadda ba a taɓa yanka mata rago ba? Kuma ba su da kaɗan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun matsalar namiji. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace sauƙi da araha. Amma wa ake kaiwa asibiti? Wa ake yi wa ruƙiyya a ce namijin dare ne ya aure ta? Wa ake yi wa kishiya a shekara ta uku?

Tsoron nata kuma ya wuce gori, tsoron gobe ne. A rabon gado, in miji ya rasu ya bar ƴaƴa, matansa duka suna raba kashi ɗaya cikin takwas. Wadda ta haihu za ta zauna a inuwar rabon ƴaƴanta. Wadda ba ta haihu ba, in ta gama takaba, sau da yawa sai ta ɗaure kayanta ta koma gidan wa ko ƙane, bayan shekara talatin tana daka a wani gida. Ba fansho, ba gona. Wannan ne dodon da ke tsaye a ƙofar ɗakinta kullum, kuma duk mun san shi.

Turawa suna da wani salo na labarin tsoro: tsohon gida, asirin dangi da aka binne, fatalwar da ta ƙi tafiya sai an faɗi gaskiya. Fatalwar hanya ce kawai ta fito da abin da gidan ke ɓoyewa. Mu ba mu buƙatar aro, domin kayan aikin na nan a gabanmu. Muna da tsamiyar da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Muna da Doguwa, muna da labarin ɗan wabi mai zuwa yana komawa. A fadar Maradi akwai sarautar Iya, a Tibirin Gobir akwai Inna, matan da tun kafuwar garuruwan nan bayan jihadin 1804 suke riƙe da harkar bori da ta mata. Shekaru aru-aru, matar da haihuwa ta yi wa wuya can take zuwa, ta sami waɗanda za su saurare ta. Ƴan daudu ma a wannan da'irar suka daɗe suna samun wurin zama, suna dafa abinci, suna hidimar biki. Mutanen da gari ya ture gefe ne suka haɗu a inuwa ɗaya.

Mun kuma san yadda gari ke yi da su in ransa ya ɓaci. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a nan Maradi. Aka afka wa mashaya da coci da gidajen mata masu zaman kansu, har gidan Iya bai tsira ba. Bikin na can nesa da mu fiye da kilomita 600, amma matan da ba su da miji ko ɗa mai tare musu su suka sha wuta. Mu da muke yara a lokacin, ba a koya muna wannan a lakkwal ba. Wane marubucin wasa ne zai ce ya rasa labari?

An yi irin wannan a wasu wurare. A 1934 marubucin ƙasar Sifen, Federico García Lorca, ya fito da wasan Yerma, labarin matar ƙauye da ba ta haihu ba. Ta je wurin mai magani a maƙabarta da dare, ta je ziyarar neman haihuwa, har wata tsohuwa ta gaya mata laifin daga wajen mijinta yake. A ƙarshe ta shaƙe shi da hannunta. Lorca kansa mutum ne da jama'arsa ke tsangwama saboda ba ya cikin layin da aka shata wa maza, an kuma harbe shi a 1936 a farkon yaƙin basasar ƙasar. Wataƙila shi ya sa ya gane ciwon Yerma. A gida kuma, ƴar Damagaram Aïcha Macky ta yi fim ɗin L'arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa, a 2016. Ta sa kanta a gaban kyamara ta yi maganar nata rashin haihuwa, fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya a gasar finafinan Afirka ta AMAA a shekarar. Matan Jiratawa nawa ne suka gan shi? Ga shi kuwa cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja na kusa da su, cike da matan da haihuwa ta raunata, da yawansu mazan suka guje su.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kawo bori dandali tallata shirka ne. Malam, da girmamawa, nuna abu daban, bauta masa daban. Muna nuna ɓarawo da mashayi a wasa kullum, ba wanda ya ce muna koyar da sata. Kuma addinin ne ma ya fi ba ni ƙarfin gwiwa: ayoyi na 49 da 50 na Suratu Shura sun fayyace cewa bayarwa da hanawar haihuwa duk na Allah ne. Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma daga bakinta muka karɓi hadisai sama da dubu biyu. Wa zai iya yi mata gori?

Wani zai ce kar a sako ɗan daudu cikin zancen. Ai an riga an sako shi, kullum yana dandali ana dariya. Kowa na da fahimtarsa a kan rayuwarsa, ban zo in canza wa kowa ba. Abin da nake cewa shi ne ɗan wani ne, ƙanen wani ne, wasunsu ma da mata da ƴaƴa. In ya isa a yi dariya da shi, ya isa a nuna daren da yara suka bi shi da jifa.

Wani kuma zai ce mutane na fama da tsadar hatsi da ambaliya, dariya suke so. Gaskiya ne, kuma ƙungiyar Yazi Dogo ta nuna muna tun tuni cewa da dariya ana gyara gari. Amma dariyarsu a kan azzalumi da maƙaryaci take sauka. Tamu ta yanzu ta koma kan wanda ba shi da mai rama masa.

Don haka ga kirana ga ƴan wasan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da ƙungiyoyin unguwanni, da ƴan fada masu ɗaukar bidiyo da waya. Ku zauna da matan nan, ku saurara, ku ɓoye sunayensu. Ku rubuta wasa guda wanda a cikinsa mijin ne ya karɓo sakamakon gwaji ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, gidan kuma ya fara jin kukan jariri duk dare. Ku kai shi Tibiri da Jiratawa ranar kasuwa, ku gayyato ungozoma da limami su amsa tambayoyi bayan an tashi. Ku kuma maza masu karanta wannan da ke shirin ƙaro ta biyu saboda shiru, ku fara zuwa asibiti tare da ta farkon.

Allah ya ba masu nema, ya sa mu daina zama jarabawa a gare su.