Fasfo Ta Waya Da Mutanenmu Na Bakin Iyaka

A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe hanyar neman fasfo ta intanet, watau mutum ya cika takarda, ya aika da hotonsa, ya biya kuɗi, duk daga inda ya ke zaune. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka fara sabunta wa 'yan Nijeriya mazauna Kanada fasfo ta wayar hannu, ba sai sun taka zuwa ofishin jakada ba. Lalle wannan ci gaba ne, ba mu musu.

Amma mu da mu ke aikin ilmi a lardin da ya yi iyaka da Nijar, in an ce mazauna waje, ba likitan da ke Kanada ke fara faɗo mana a rai ba. Falken Jibiya ne da ya daɗe a Maraɗi, da mahaucin Zangon Kumasi, da jikokin alhazan da suka yada zango a Sudan.

Duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, lambar shaidar ɗan ƙasa da a ke kira NIN. Tun Disamba 2020 aka ce a haɗa ta da layin waya, tun 2021 ba a rubuta yaro a jarrabawar shiga jami'a sai da ita, fasfo ma haka. Ita kuwa ba ta samuwa sai mutum ya kai kansa an ɗauki zanen yatsunsa.

To, a ce ya samu. Saura suna, kuma nan gizo ke saƙar. Yaron da aka haifa a Maraɗi, takardar haihuwarsa ta ce Mahamadou Aboubacar, bisa rubutun Faransa. Da ya dawo makaranta gida, malaminsa ya rubuta Muhammadu Abubakar. A da akawu ya kan dubi yaron, ya tambayi dagacinsu, ya gane mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta san dagaci ba, harafi ta ke ƙirgawa, in ya saɓa sai ta ƙi. Gyara kuwa sai da kuɗi, da Turanci, da wayar da uban ba shi da irinta. Kafin a gama an rufe rajista, yaro ya yi asarar shekara.

Abin ya ƙara nauyi tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, gama yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ce ta halatta shige da fice ba biza. Wanda jiya fuskarsa ta ishe shi a kan iyaka, gobe a na iya tambayarsa takarda.

A namu ganin, ya kamata a fassara shafukan nan da Hausa, a kuma zaunar da akawu mai jin Hausa da Faransanci a Jibiya da Illela da Maigatari kowace ranar kasuwa, a ba shi ikon daidaita rubutun suna nan take idan mai unguwa ya yi shaida.