Haɗin "Maganin Gajiya" Yana Cinye Mana Ciki

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya kan ƙwayoyin da ake ƙulla mana a leda a kemis. Mutum ya taso daga gona ko kasuwa, ya ce "a haɗa min na ciwon jiki", a zuba masa diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone, ya watsa a baki. Wannan ganganci ne. Ukun farko dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce take ninkuwa, na huɗun kuma ya ƙara wa wutar fetur.

Jiki yana samar da wani sinadari, prostaglandin, wanda ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsami mai narkar da abinci. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe ciwo ne ta hanyar hana samuwar sinadarin, sai bangon ya rasa kariya. Daga ƙwannafi sai gyambon ciki, sai zubar jini, wani har tumbin ya ɓule.

Mai cewa "ni allura ake min" bai tsira ba, domin ta cikin jini ɓarnar take isa tumbi. Mai cewa "ai na ci tuwo kafin na sha" ya rage zafin ciki ne kawai, bai hana gyambo ba. Mai ɗora garin Alabukun a kai ya sani asfirin ne a ciki, shi ma ɗan gidan ne.

Ciwon kai ko gajiya, a fara da paracetamol. In dole sai ɗaya daga cikinsu, to guda ɗaya tak, mafi ƙarancin awo, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Ciwon gwiwa akwai na shafawa. Dattijo, da mai tsohuwar olsa, da mai shan maganin tsinka jini, kada su taɓa sai likita ya duba. Yakan haɗa da omeprazole don kare tumbi. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ya daina sha ya nufi asibiti a take.

Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah. "Baba, kana da olsa?" tambaya ce ta daƙiƙa biyu. Ribar ƙulli ɗaya ba za ta sayi ledar jini ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa.