Yaushe alƙawari ke zama dole a gaban kotu?

Bayan gobarar da ta tashi a babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021, manyan mutane sun yi ta zuwa jaje, inda gwamnan jihar Ribas na lokacin, Nyesom Wike, ya sanar da gudummawar naira miliyan 500.

Irin wannan sanarwa kan biyo bayan kowane babban bala'i a Najeriya. Abin tambaya shi ne, idan wani ya yi alƙawarin taimako sannan ya janye, ko ɗan kasuwar da ya yi asara na da ikon kai shi ƙara?

Amsar ta danganta da dokar da za a yi hukunci da ita.

Dokar Ingila

Dokar yarjejeniya da manyan kotunan jihohi ke aiki da ita, gadonta aka yi daga Ingila. A ƙarƙashinta, alƙawari ba ya zama dole sai wanda aka yi wa ya bayar da wani abu a madadinsa, ko kuɗi, ko aiki, ko barin wani haƙƙi nasa.

Kotu ba ta duba yawan abin. Amma taimakon da mutum ya riga ya yi tun kafin a yi masa alƙawarin ba ya shiga lissafi.

Saboda haka alƙawarin kyauta tsantsa ba ya da ƙarfi, sai in an rubuta shi a takardar da aka buga wa hatimi.

Mazhabar Malikiyya

A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Sakkwato ke bi, kyauta na zama dole da zarar an furta ta, kodayake ba ta kammala sai an karɓe ta a hannu.

Dangane da alƙawari, fitaccen ra'ayin mazhabar shi ne alƙali zai tilasta cika shi, idan aka ɗora shi kan wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misali, mutumin da aka ce ya rushe shagonsa za a ba shi kuɗin sake gini, kuma ya rushe.

A shekarar 1988, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta rungumi wannan fahimta a zamanta na Kuwait, abin da ya zama ginshiƙin cinikin murabaha a bankunan Musulunci.

Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a hurumi a kan kyauta da waƙafi da wasiyya da gado, amma bai ambaci ciniki ba.

Ke nan maganar da ta zo a kan ƙara, ko kyauta ce ko ciniki, ita ke nuna inda shari'ar za ta dosa. Shi ya sa lauyoyi kan shawarci 'yan kasuwa da su rubuta duk wani alƙawari a gaban shaidu kafin su kashe ko kwabo a kansa.