Koha da Ɗakunan Karatun Makarantunmu

Duk malamin da ya taɓa riƙe ɗakin karatu ya san wahalar mujallu. A biya kuɗin shekara, fitowa ta uku ta ƙi isowa, ba mai lura sai wa'adi ya ƙare. To, akwai manhajar kwamfuta mai suna Koha da ke riƙe wannan lissafi: ranar biya, fitowar da ta iso, wadda ta makara, da lokacin sabunta rajista. A ƙasar Niyu Zilan aka ƙirƙiro ta a 1999, aka sake ta a 2000, kowa na da izinin ɗauka da gyarawa ba tare da kuɗin lasisi ba. Sunan ma, a harshen Mawori, kyauta yake nufi. Sabon zubinta yakan fito sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba.

A ganina ya kamata makarantun sakandaren Ikara da Maƙarfi da Kudan su rungume ta, amma kada su riƙa bin kowane sabon zubi. Sabuntawa tana buƙatar tsayayyiyar wuta, da intanet, da wanda ya iya. Gara makarantu uku ko huɗu su haɗa kai su horar da malami ɗaya, ya riƙa sabuntawa sau ɗaya a shekara, lokacin dogon hutu, bayan ya adana kwafin bayanai.