Mun Fi Son a Kashe Wutar a Kan a Gyara Motar

'Yan'uwa, yau ba maganar adabi na kawo ba, maganar gareji ce, kuma na san kanikawan da ke cikinmu ba za su ji daɗinta ba. Masu motoci ma kada su yi saurin tafi, domin rabin laifin namu ne.

Sau huɗu na kai Corolla ta gareji a kan 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kamawa a gaban direba. Na farko aka cire kan batir na minti biyar aka mayar, wuta ta mutu, na biya. Bayan kwana uku ta dawo. Na biyu aka canza fulogi. Na uku aka wanke nozul. A na huɗu ne wani rewaya ya dube ni da fuskar tausayi ya ce: "Alhaji, wannan wutar ta Turawa ce, ka kawo in cire ƙwan ka huta."

A nan ne na gane cutar. Ba a ɗauki wutar a matsayin saƙo ba, an ɗauke ta a matsayin ita ce matsalar.

Ga yadda abin yake. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasarta tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Kusan duk 'yar Beljiyam ɗin da ke yawo a titunan Kano da Kaduna tana da shi: wata kafa ce mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan ƙwaƙwalwar motar ta ga abin da bai yi mata daidai ba, sai ta ajiye lamba ta kunna wutar. Cire kan batir yana goge lambar ne kawai. Motar za ta sake gwada kanta a tafiye-tafiyen da ke biye, ta tarar da ɓarnar tana nan, ta sake kunnawa. Kwana ukun da na yi ina murna, lokacin da take sake lissafi ne.

To sai ga sabon yayi, kowane gareji ya sayi na'urar "sikanin". Na ɗauka an samu ci gaba, ashe cire kan batir ne ya sa riga. A soka na'ura, a danna gogewa, a karɓi kuɗi. Wanda ya ɗan fi ƙoƙari zai karanta lambar ya aike ka Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen abin da ya ga sunansa a jiki. Alhali lamba alama take nunawa, ba ta cewa ga abin da ya mutu. Ɗauki P0171: ma'anarta iska ta yi wa fetur yawa a cikin inji. Yana iya zama roba ce ta tsage tana zuƙar iska, ko ƙurar hunturu ta toshe senson da ke auna iskar, ko famfon mai ya yi sanyi. Abu uku, farashi uku. Mai sana'a gwadawa yake yi ɗaya bayan ɗaya, mai canki-canka kuwa da aljihunka yake gwaji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wutar da yawa a gareji ake haifar da ita. Mota na sauka a ƙasar nan sai a ce a cire mata tamosta, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwar tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Haka abin nan na cikin salansa da ake kira indomi. A ce maka ya toshe, a fasa a zazzage, kai ka tafi da wutar P0420 har abada, shi kuma garin yana da masu saye saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinsa.

Yanzu kuma mu. Bakanike ya shafe awa biyu yana bin waya da mita har ya gano inda ta yanke, ya ɗaure, ya ce kuɗinsa kaza, sai mu ce: "Me ka canza?" Ba ma biyan tunani, sai mun ga tsohon ƙarfe a ƙasa. Mutumin da ya ga ba a biyan bincike dole ya koma sayar da kaya. Mu ne kuma ke shan man bumburutu, mu bar baƙin mai ya zama kwalta, mu zo muna cewa "ka dai lallaɓa min, gobe zan yi Zariya."

Kuma ba duk wuta ce ke jira ba. Ruwan ɗorawa da ta tsaya cak tana ba ka lokacin zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, inji na tsallake wuta ne, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, sai ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa. Ja mai siffar butar mai kuwa, ko ta zafi, kashe motar nan take, ko da a tsakiyar Kwanar Ɗangora ne.

Wanda ya gyara tawa a ƙarshe ba shi da allo ko babban fili. Kafin ya taɓa komai sai da ya tambaye ni yaushe wutar ke kamawa, da safe ko bayan doguwar tafiya. Ya rubuta lambar a takarda ya ba ni, bai goge ba. Ya tayar da inji ya kasa kunne, ya bi robobin iska da hannu, ya nuna min tsagar da ba ta kai tsawon farce ba. Kuɗin aikinsa ya ninka kuɗin robar sau da yawa, kuma har na buɗe baki zan yi ciniki sai na tuna fulogi huɗu masu lafiya da na zubar. Ya ce in yi mako guda ina hawa, in ta dawo in zo ba sai na biya ba. Wata na bakwai ke nan.