Jarfar Zamani: Siririn Zane Da Tsawon Zamansa A Jiki

Maganarmu ta wannan mako a kan wani ado ne da ya fara biyo 'ya'yanmu gida daga makarantun ƙasashen waje da biranen fatauci, watau jarfar zamani wadda ake yi da allura guda, siririya kamar silin gashi, a wuyan hannu ko bayan kunne ko gefen yatsa. Wani ɗan fure ne, wani sunan mahaifiya, wani ma kalmar Larabci ce. Hujjar da masu yi suke kawo wa iyayensu ita ce wai wannan ba irin zanen 'yan dambe da 'yan ƙwallo ba ne, siriri ne, nan da 'yan shekaru zai koɗe ya tafi. To, da yake ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, bari mu fara duba ko maganar nan tana da tushe.

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Ta sama kullum cikin saɓa take, tana sabunta kanta a kimanin wata guda, shi ya sa lallen da mata suke ƙunsawa yakan tafi cikin mako biyu ko uku. Mai jarfa kuwa ba a nan yake ajiye tawadarsa ba. Yakan soka allura ta wuce zuwa fata ta biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda jini yake, inda kuma ba a saɓa. Da tawada ta shiga, sai waɗansu ƙwayoyin halitta da Allah Ya ɗora wa tsaron jiki su taso su haɗiye ta, suna ɗaukarta maƙiyi, amma ba su iya narkar da ita. A 2018 masana a birnin Marsai na ƙasar Faransa suka gwada wannan a wutsiyar ɓeraye, suka ga cewa ko da ƙwayoyin nan sun mutu sun saki tawadar, sai sababbi su zo su sake haɗiye ta a wurin. Ashe jiki da kansa ne yake gadin zanen, tsara bayan tsara. Ɗan abin da ya kuɓuce kuwa ba waje yake fita ba, kaluluwa yake tafiya ya zauna, kamar yadda wani bincike na 2017 ya nuna.

Abin da ke samun siririn zane shi ne lalacewa, ba tafiya ba. In allurar ba ta kai zurfi ba, sai layin ya warke a gutsuttsure, nan akwai, can babu. In ta zarce, sai tawadar ta nashe a ƙarƙashin fata kamar man gyaɗa a takarda. In ma an dace da gwani, shekaru suna tafiya layin yana ƙara faɗi yana dushewa, rana tana cin launinsa, har ƙananan haruffan da aka jera kusa da juna su haɗe su zama dabbare. Na yatsa da tafin hannu sun fi saurin ɓaci saboda wanki da gogayya. Sa'an nan sai a ce wa mai shi ya komo a maimaita, watau a ƙara tawada a kan tawada. Wanda ya rubuta kalma mai alfarma a fatarsa, ban da shiga makewayi da ita kullum, bai san abin da za ta koma ba bayan shekara 10.

Wanda yake shakkar daɗewar siririn layi, ya tuna da gawar mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a 1991, a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya. Ya yi shekara kusan 5,300 da mutuwa, amma aka ƙirga zane 61 a jikinsa, galibinsu 'yan gajerun layuka ne da aka cusa wa baƙin gawayi. A zamaninmu ma, wani kamfani ya buɗe shago a Niyok a 2021 da alkawarin tawada mai gogewa cikin wata 9 zuwa 15. Aka yi ta tururuwa, wa'adi ya wuce, zanen mutane da yawa yana nan, a 2023 kamfanin ya rufe shagunansa. Shi kansa salon allura guda ɗin, ko da yake yau 'yan gayu ne suke yayinsa, daga gidajen kurkukun Kalifoniya ya fito, inda fursunoni suke fiƙe tsirkiyar garaya ta ƙarfe su yi allura da ita, kafin wani shago a Los Anjelis ya mayar da shi sana'a wajen 1975.

Idan wannan ta tabbata, hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Abin da Larabawa suke kira washamu shi ne a soka fata da allura har jini ya fito, a cusa tozali ko shuni, wurin ya rine. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Ibnu Umar da Ibnu Mas'ud, Allah Ya yarda da su, la'anta a kan mai yi da mai neman a yi mata, kuma malamai sun ce namiji da mace ɗaya ne a ciki. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ita ma ta kawo hanin. Ba mu ga inda aka auna kaurin layi ba.

Kada kuma mu yi kamar abin baƙo ne gare mu. Wanzamanmu sun daɗe suna yi wa 'yan mata jarfa da aska da baƙin tukunya, da yawa daga iyayenmu da kakanninmu da ita suka tsufa. Imamu Nawawi, Allah Ya jiƙansa, ya bayyana cewa yarinyar da aka yi wa tun ba ta balaga ba ba ta da laifi, laifin yana kan wanda ya yi. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro zane ko tsaga.

Saura wanda ya riga ya yi da girmansa, wanda shi ne ya fi damunmu, domin akwai samarin da aka gaya wa cewa ba su da alwala ba su da salla, har suka ƙaurace wa masallaci. Wannan magana ta yi tsauri, ɓarnarta kuwa ta fi ta zanen. Tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta tare ruwan alwala. Gaskiya ne Shafi'awa sun ce wurin ya najastu saboda jinin da ya cakuɗa da tawada, a cire in zai yiwu ba tare da cuta ba, in kuwa ana tsoron ɓacin gaɓa ko mummunan tabo, tuba ta wadatar. Amma Nafarawi, cikin sharhinsa na Risala mai suna Fawakihud Dawani, ya ce ba a tilasta wa mutum ya ƙone wurin, najasa ce da aka yafe, sallarsa ta inganta.

Yau likitocin fata suna cirewa da hasken leza, wanda ke farfasa tawadar ta yi ƙanana yadda jiki zai iya kwashe ta. Ba zama ɗaya ba ne, akan yi ta komawa bayan kowane mako 6 zuwa 8, kuɗinsa kuma ya ninka na yin zanen. A nan kaɗai siririn zane ya yi wa mai shi rana, domin tawadarsa kaɗan ce, baƙa kuma ta fi kore da rawaya saurin fita. Sai dai mu baƙar fata mu kula, hasken yana cin launin fatarmu tare da tawadar, yakan bar farin tabo, ga kuma masu jikin da ke tsiro da tabo mai kumburi. Saboda haka sai a nemi likitan da ya saba da irin fatarmu, a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, kada a kai jiki wurin mai ruwan batir ko mai ƙarfen wuta.